Wata biyu ina zargin jarka

Motar tawa tsohuwa ce, irin waɗanda ake saukewa a Kwatano, ta sha hanya tun kafin ta zo hannuna. Tun zamanin da man Najeriya yake araha, kafin su cire tallafi a watan Mayun 2023, na saba ajiye jarkar lita 10 a bayan mota, in cika ta wajen ƴan ruwa-ruwa saboda tafiyar nesa. Shi ya sa da warin fetur ya fara a cikin motar, ban wahalar da kaina ba, na ce jarka ce. Na fitar da ita, na wanke shimfiɗar da omo, na shanya. Wari bai tafi ba. Na sayo turaren da ake ratayawa a madubi, sai ya zamana ina shaƙar fetur mai ƙamshin lemo.

Abin da ya ruɗe ni, warin ba kullum ba ne. Sai ya ɗauke kwana huɗu, in ce alhamdulillahi, sai kuma ya dawo. Ga hanci da saurin sabo, minti biyar da shiga na daina ji. Uwargida ce ba ta saba ba.

Ranar da muka tafi biki Tasawa na cika tanki fal. Cikin watan Afrilu ne, kun san zafin Maraɗi a lokacin, ya haura 40. Na rufe gilashi na kunna kilim, wato na'urar sanyaya mota. Ba mu yi nisa ba ƙaramar ƴata ta ce kanta yana ciwo, kafin in samu wurin tsayawa ta yi amai a kujerar baya. Uwarta ta dube ni ta ce, "Malam, wallahi ni da yaran nan ba mu ƙara shiga motar nan sai ka gyara ta." Ban ce uffan ba, don gaskiya ta faɗa.

Makaniken farko ya sunsuna, ya ce murfin tanki ne. Ba laifi, robar murfin ta tsattsage, kuma lallai hakan yana sa wari. Na canza. Bayan mako guda abu ya dawo.

Na biyun wani dattijo ne da abokin aikina ya kai ni wurinsa. Bai ko taɓa motar ba, ya zauna kan benci yana yi mini tambayoyi kamar likita. "Ɗana, yaushe kake jin shi? Da safe in ka tada ta? In ka kunna iska? Ko in ka sha mai?" Na yi shiru ina lissafi. Sai a lokacin na lura, duk ranar da warin ya tsananta, ranar ce na cika tanki. In mai ya sauka rabi, sai ya lafa.

Ya ce to shi ke nan. Warin da ke zuwa da safe ko in an kunna iska, daga gaba yake. Ƙofar da iska ke shiga ɗakin mota tana gindin gilashin gaba, dab da inji, duk man da ya zubo daga tiyo ko daga ƴan robobin injekta (masu fesa mai cikin inji) nan take jawo warinsa. In kuma mota tana baƙin hayaƙi tana shan mai fiye da ƙima, man ne ba ya ƙonewa duka. Amma wanda ke bin cikar tanki, a saman tanki ake neman shi.

Duk da haka sai da ya ɗaga kapo, wato murfin inji, ya bi tiyo ɗaya bayan ɗaya da yatsa, a bushe suke. Sannan ya sa yaronsa ya cire wayar batir, ya kori wani mai shan taba da ke tsaye kusa, ya ɗage kujerar baya. Ni ban taɓa sanin akwai wani abu a ƙarƙashinta ba. Ashe akwai faifan ƙarfe da ƴan kusoshi, ƙarƙashinsa kuma kan famfon mai ne, wanda ke nutse cikin tanki. Da aka buɗe, warin ya buge ni har idona ya yi ruwa. Ko'ina jar ƙura ce busasshiya, sai zagayen bakin famfon kawai, nan ƙurar ta yi baƙi ta dunƙule kamar an yayyafa mata man gyaɗa. Daidai inda ƴata ke zama.

"An taɓa canza maka famfo?" Na ce e, Baba, bara, da dattin mai ya kashe na asali. Ya zaro robar da ke rufe bakin ya miƙo mini. Ta bushe ta yi tauri, gefe guda kuma ta lanƙwashe ta tsage. Wanda ya yi aikin tsohuwar ya mayar, ya ɗaure a karkace. In tanki ya cika, ko mota ta faɗa rami mai ya yi tsalle, sai ya tsattsafo ta nan, zafi ya mai da shi tururi.

Abin da ya fi tsorata ni shi ne da ya ce tururin fetur ya fi iska nauyi, ba ya tashi sama, kwanciya yake a ƙasa inda ƙafafu suke. Ƙyastu ɗaya ya ishe shi. Ni kuwa akwai ƙanena da ke kunna sigari in na ɗauke shi.

Sabuwar roba da kuɗin aiki, jika huɗu. Ya kuma canza wani guntun tiyo na wuyan tanki da ya fara tsagewa, yana ta faɗa kan masu sa tiyon ruwa a wurin na mai, wai fetur cinye shi yake yi. A cewarsa, tiyon da ke kai mai inji ma ƙarfin da ke cikinsa ya fi na iskar taya.

Ya hana ni wata ɗabi'a kuma, wadda nake jin rabin direbobin garin nan suna da ita: in bututun gidan mai ya katse da kansa, sai mu ce a ƙara, har da girgiza mota. A jikin mota akwai wani gwangwani mai gawayi a ciki da aka yi don ya tsotse tururin fetur kawai, in ruwan mai ya shige shi ya lalace, shi ma ya koma yin wari.

Muka je na cika tanki, muka bi hanyar Madarumfa muka dawo, ya sake ɗage kujerar. Ƙura a bushe. Soson kujerar ne ya ƙi sakin wari sai da ya kwana uku a rana.

Uwargida ta koma shiga, amma har yau sai ta leƙa kai ta sunsuna kafin ta bar yara su hau. Jarkar kuma tana nan bayan ɗaki, ban mayar da ita ba.