Godiya ga waɗanda suka taya mu sayen kogo a Alabama

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayena, yayyena da ƙannena mazauna Amurka da waɗanda ke gida, ina farin cikin sanar da ku cewa ranar Juma'ar da ta gabata, a ofishin wani lauya da ke arewacin jihar Alabama, an sa hannu a takardun ciniki, an kuma miƙa wa 'yar ƙungiyarmu ta masu shiga kogo shaidar mallakar filin nan da na shafe watanni ina damun ku da maganarsa. Godiya ta tabbata ga Allah da Ya nuna mana wannan rana. Bayan haka kuma godiyata ta tafi gare ku, domin kun saka kuɗinku a cikin abin da yawancinku ba ku taɓa gani ba, wasunku ma sun faɗa mini ƙarara cewa ko da kuɗi aka haɗa su ba za su leƙa shi ba.

Na fara da Baba, dattijon masallacinmu, wanda ranar da na tsaya bayan sallah na gabatar da gidauniyar ya dube ni ya ce, "Yanzu ɗan nan, rami kake so mu saya?" Jama'a suka yi dariya, ni ma na yi, amma tambayar tana kan hanya, kuma amsar da na ba shi a tsaye ba ta gamsar da ni kaina ba. Duk da haka shi ne ya fara sa hannu a aljihu, yana cewa mutumin da ke karanta Suratul Kahfi kowace Juma'a bai kamata ya raina kogo ba. Baba, Allah Ya ƙara girma. Bari yau in ba ka amsar a zaune, tare da duk wanda ya bayar bisa amana kawai.

Yankin da jihohin Tennessee, Alabama da Georgia suka haɗu yana zaune ne a kan irin farin dutsen da ake fasawa a Kalambaina da Ashaka don yin siminti. Ruwan sama yana cin wannan dutse sannu a hankali, shekaru dubbai, har ya huda shi ya bar ɗakuna da rijiyoyi da hanyoyin ruwa a ƙarƙashin ƙasa. Jihar Tennessee kaɗai tana da kogwanni fiye da 10,000 da aka sani. Matsalar ita ce mafi yawansu suna cikin filayen mutane ne, kuma dokar tarayya ta 1988 da ke kare kogwanni ta tsaya ga filayen gwamnatin tarayya. Saboda haka duk wanda ya mallaki bakin kogo shi ke da ta cewa: yana iya barin jama'a su shiga, yana iya kafa allon hani, yana iya sayar wa mai yankan katako ko mai gina gidaje, kuma da yawa daga cikin ramukan nan an mayar da su juji, ana zuba musu tsofaffin tayoyi da mushen dabbobi. Abin da aka jefa cikin irin wannan rami ba ya tsayawa a nan. Ruwa yana ɗaukarsa ta cikin hudojin dutsen ba tare da wani yashi ya tace shi ba, ya ɓullo da shi a idon ruwa ko rijiyar wani manomi can gangare.

Ba mu muka fara wannan dabara ta saye ba. Ƙungiyar masu binciken kogwanni ta ƙasa, wato National Speleological Society, wadda aka kafa a 1941 kuma hedikwatarta ke nan birnin Huntsville na jihar Alabama, ta sayi kogon Shelta tun 1967. A 1991 wasu masu shiga kogo na wannan yanki suka kafa Southeastern Cave Conservancy bayan sun gaji da ganin ana rufe musu wuraren da suka saba zuwa, kuma a 1995 suka sayi ramin Neversink mai zurfin ƙafa 162, da kuɗin da suka tara a tsakaninsu. Sawunsu muka bi, gwargwadon ƙarfinmu, tun da mu 'yan tsiraru ne kuma namu kogon ba ya cikin waɗanda ake buga hotonsu a mujallu.

Wahalar da muka sha kun san rabinta. Mai filin, wani tsoho da ya yi shekaru yana barinmu mu ratsa gonarsa ba tare da karɓar ko sisi ba, ya rasu, magadansa kuma suka yanke shawarar sayarwa, wanda haƙƙinsu ne. Sun yi mana karamci da suka fara yi mana tayi kafin kowa, suka karɓi kafin alƙalami, suka ba mu wa'adi. Ina roƙon Allah Ya saka musu, domin akwai wanda ya taya da farashin da ya fi namu kuma ba su karya alkawari ba. Rabin da ba ku sani ba shi ne, ana saura makonni kaɗan wa'adin ya cika, ma'aunin fili ya fito da taswirarsa, sai ga shi iyakar ta bi ta gefen bakin kogon ta bar shi cikin filin maƙwabci. Daren nan ban runtsa ba, ina tunanin yadda zan fuskance ku in ce mun sayi daji mun bar ramin. Wata lauya daga cikin abokan tafiyarmu ta ajiye aikinta ta tono tsofaffin takardun iyaka a ofishin ƙasa na gundumar, maƙwabcin kuma ya yarda aka zauna da shi, ya sayar mana da ɗan yankin da ake magana a kai. Ba ta karɓi ladan aikinta ba, kuma ta hana ni ambaton sunanta.

Wannan ƙarin ne ya sa na dawo muku karo na biyu da ƙoƙon bara, abin da na ji nauyinsa ƙwarai. A nan ne iyayenmu mata suka nuna mana iyakarmu. Hajiya da ƙawayenta suka kwana suna suyar masa da ƙosai, suka haɗa zoɓo da dambun nama, aka kai wurin taron da muka shirya don gwanjon kayan da mambobi suka sadaukar, igiyoyi da hulunan kwano da fitilun goshi da hotuna. Turawan da ba su taɓa jin sunan masa ba suka yi layi har sai da tanda ta huce. Na gode wa ɗalibanmu da ke jami'o'in nan, waɗanda na san yadda suke lissafin kowace dala, amma suka aiko da biyar-biyar da goma-goma. Na gode wa direbobin manyan motoci da suka turo nasu daga kan hanya. Yayana da ke Kano ya aiko da nasa duk da yadda canji yake, ya haɗa da saƙon cewa har yanzu bai gane abin da nake nema a cikin duhu ba. Yaya, na karɓa, kuma na ji. Saboda ku duka ne ba mu je banki neman bashi mai ruwa ba, wanda shi ne sharaɗin da na gindaya wa kaina tun farko kafin in kawo maganar masallaci.

Akwai waɗanda suka tambaye ni ko jemagun da ke zaune a kogon ma sun cancanci wannan ɗawainiya. Waɗanda ke cikin kogwannin nan ƙanana ne masu cin ƙwari, kuma manomi yana amfana da su ko bai sani ba. Tun 2006, lokacin da aka fara ganin cutar farin hanci a wani kogo a jihar New York, miliyoyinsu suka mutu a Arewacin Amurka. Wata irin fumfuna ce ke kama su lokacin dogon barcin da suke yi da hunturu, ta riƙa tashinsu har kitsen da suka tara ya ƙare kafin sanyi ya wuce. Shi ya sa za mu rufe kogon a watannin sanyi, kuma duk mai shiga sai ya wanke kayansa da takalmansa da ruwan zafi. Ba za mu yi gaggawar sa ƙofar ƙarfe a bakinsa ba, domin abin da ya faru a Shelta ya ishe mu darasi: bayan an sa wa bakinsa ƙofar da ba ta dace da shawagin jemagu ba, suka ƙaurace masa, ƙananan halittun ruwan da ke rayuwa a kan kashinsu kuma suka ragu matuƙa. Za mu kewaye wurin da shinge, mu bar sama a buɗe.

Kuɗin da kuka bayar amana ne. Ma'ajinmu ya rubuta duk abin da ya shigo da duk abin da ya fita, har kuɗin ma'aunin fili da na rajista, kuma zan kawo kwafin masallaci ranar Juma'a mai zuwa, zan tura wa na nesa ta WhatsApp. Ɗan abin da ya rage mun ware shi don harajin fili da inshora na shekarar farko. Wanda na manta ban gode masa ba, ko wanda na takura wa da yawan kira, ya yafe mini don Allah. Allah Ya mayar muku da ninkin abin da kuka bayar, Ya jiƙan iyayenmu.

Aikin farko da ke gabanmu shi ne kwashe sharar da ta taru a gangaren bakin kogon, kuma mun sa Asabar ta farko a wata mai kamawa. Wanda zai zo ya taho da safar hannu mai kauri da takalmin da ba ya santsi. Ba sai an iya hawa igiya ba, domin duk aikin a waje yake, kuma Baba ya riga ya ce a ajiye masa kujera a inuwa, yana so ya ga ramin da idonsa.