Canza plaket ɗin birki a ƙofar gida

Rairayin Damagaram ɗin nan baya barin plaket, wato takalmin birkin da ke tsai da taya in ka taka birki, ya daɗe, musamman mai bin hanyar Tanout ko Mirriah kullum. In ka ji ƙarar ƙarfe kiiii kana taka birki to ya cinye, kuma in kaurinshi ya kusa milimita 3 kar ka jira ya fara cin diski, faifan ƙarfen nan da plaket ke matsewa, kuɗin ya ninka kenan.

Ni a ƙofar gida nake yin nawa. Ka sassauta notin taya tun mota na ƙasa, sannan ka ɗaga da kirik, amma don Allah ka sa katako mai kauri ƙarƙashi, kirik kaɗai akan yashi ba abin yarda bane, nutsewa yake. In ka cire taya, ka kwance etriye, wato ƙarfen da ke riƙe da plaket, ka rataye shi da waya, kar ka barshi yana lilo da tiyon mai. Piston ɗin cikin etriye, mai tura plaket, shi ne wahalar, sai ka buɗe murfin man birki ka tura piston ɗin a hankali ya koma ciki kafin sabon plaket ya shiga. Giris kar ya taɓa fuskar plaket ko kaɗan.

Hagu da dama tare ake canzawa. Kafin ka tada mota ka taka birki sau da yawa har ya yi tauri.