Ɗan Nijar a hanyar Dutsin-ma

Maraɗi da Katsina ba nisa: ka bi ta Ɗan Isa, ka faɗo Jibiya, ka iso. Har gobe sarkinmu na Maraɗi Sarkin Katsina ake ce masa. Amma da na dawo nan Katsina da zama, sai na tarar baƙo ne ni. In na ce zan je likita ina nufin asibiti, sai yara su yi ta dariya. Kaina ya saba da dala da jikka, lissafin naira ya ƙi zama. Takarduna na aikin jinya da Faransanci suke, don haka kemis ɗin kawuna na tsare, unguwa kuma ta raɗa mini Ɗan Nijar.

Wata Asabar cikin Afrilu, rana ta take, samarin da ke atisayen gudun dogon zango a hanyar Dutsin-ma suka shigo da ɗan'uwansu ranga-ranga. Sambatu yake, bai gane kowa ba, jiki kamar garwashi, gumi sharkaf. Wani ya ce iska ce, wani ya ce a ba shi farasitamol a tari Napep.

Na ce a dakata, bugun zafi ne. Tsoka ce ta tara zafi har cikin jiki ya haura digiri 40, ƙwaƙwalwa ta rikice, kuma maganin zazzaɓi ba ya taɓa shi. Gumin nan shi ke ruɗar mutane, su ɗauka mai gumi zafi bai buge shi ba. Abin da ake so, a sauko da zafin ƙasa da 39 cikin minti 30, tun kafin a kama hanyar asibiti.

Babu bahon da zai ɗauke shi. Muka shimfiɗa tamfol muka kwantar da shi a kai, mutum huɗu suka ɗage gefunansa, mai kura ya juye jarkokinsa, mai ƙanƙara ya farfasa nasa a ciki. Na tallafe kansa, ana girgiza ruwan. Na hana a ɗura masa komai, kada ya shaƙe. Ma'aunin zafi na hammata ban ko ɗauko ba, na dubura kaɗai ke faɗin gaskiya a nan, kuma ba mu da shi. Wajen minti 15 ya buɗe ido yana cigiyar takalminsa. Sannan muka kai shi asibiti a duba ƙoda da hanta.

Bayan kwana uku mahaifinsa ya zo, ya zauna kan bencin kemis. Ya ce, "Ɗana, ɗan gidan wa ne kai a Maraɗi?" Na faɗa masa. Ya yi shiru, ya ce kakarsa 'yar Tibiri ce, in zo cin tuwo ranar Juma'a.