Kwana uku na farko: darussa daga aikin lauyan kare haƙƙi a Sudan

Mai shiga wannan aiki da zumuɗi yakan ɗauka a gaban alƙali ake yin komai. A Sudan kuwa, ƙararraki da yawa tun a ofishin 'yan sanda suke lalacewa.

Dokar tafiyar da shari'ar laifuka ta 1991 ta ba ɗan sanda awa 24 ya riƙe mutum. Daga nan sai da sa hannun wakilin niyaba, wato ofishin masu gabatar da ƙara na gwamnati, shi ma kwana uku ne iyakarsa, sai a je ga alƙali. Shi ya sa lauyan da ya goge abu uku yake fara tambaya: lambar balagi (ƙarar da aka buɗe a ofishin 'yan sanda), sashen dokar da aka ɗora wa mutum, da sa'ar da aka shigar da sunansa a littafi. Dangi sukan kashe kwana biyu suna neman babban mutum ya sa baki, su iso wurin lauya ko lambar ba su riƙe ba.

Idan an yi duka, maganar ta koma kan Urnik 8, takardar da 'yan sanda ke bayarwa a kai wa likita ya rubuta abin da ya gani a jiki. A nan ake yawan yin asara. Shatar bulala da kumburi ba sa jiran kowa, cikin mako ɗaya ko biyu sun dushe. Likitan da aiki ya yi wa yawa zai rubuta "raunuka a baya" ya buga hatimi, kuma wannan ba ya ɗaure kowa a kotu. Ana so ya faɗi wurin, da yawan raunukan, da tsawon kowanne da santimita, da irin abin da ke iya jawo shi. A ɗauki hoto ranar, a yi kwafin takardar kafin a mayar, domin ta asali cikin fayil za ta shiga, fayil kuwa yana da ƙafa. Wani lokaci ofishin da ake ƙorafi a kansa shi ne zai ba da takardar. In sun yi ƙememe, a nufi niyaba a nemi umarni a rubuce.

Sai katangar da ake kira hasana. Dokar sojoji ta 2007, ta 'yan sanda ta 2008 da ta tsaron ƙasa ta 2010 sun hana gurfanar da jami'i kan abin da ya shafi aikinsa sai shugabanninsa sun ɗage masa kariya. Buƙatar tana iya kwana a tebur har mai ƙara ya gaji. Duk da haka a shigar da ita, a karɓi lamba da kwanan wata. Irin wannan aikin tara shaida ne lauya Salih Mahmud Usman ya yi shekaru yana yi wa mutanen Darfur kyauta, har aka tsare shi sama da wata bakwai a 2004, kafin Majalisar Tarayyar Turai ta ba shi lambar yabo ta Sakharov a 2007.

Mu Hausawan Sudan, ciwon da ya fi daɗewa shi ne jinsiya, wato takardar shaidar zama ɗan ƙasa. Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ce sai wanda shi ko kakanninsa na wajen uba suke zaune a ƙasar tun 31 ga Disamba 1897. Mutanen da suka biyo Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi na 1903, da alhazan da suka yada zango a Gadarif da Kassala da Jazira, yawancinsu bayan wannan ranar suka iso. Dokar 1994 ta matso da ranar zuwa 1 ga Janairu 1956, amma ma'aikacin da ke bayan taga bai daina kallon fuska da sauraren harshe ba. Rikicin ƙabilanci na Damazin da Rusairis na 2022, wanda ya rutsa da Hausawa, ya nuna cewa kalmar "baƙo" har jini tana zubarwa.

Abin da ke cin ƙarar jinsiya ko rakam watani (lambar ɗan ƙasa) shi ne sarƙar uba: jinsiyar mahaifi, ko ta kawu ɗan'uwan uba, shaidu daga dangin uba, da takardar shehun gari ko umda (dagaci). Tsohon rasidin haraji ko takardar gona mai shekara kafin 1956 ya fi dogon bayani amfani. Inda ake tuntuɓe shi ne suna. Hukuma suna huɗu take so a jere, mu kuwa mutum ɗaya Garba ne a gida, Abubakar a takardar makaranta. Kaka Audu ne a wata takarda, Abdullahi a wata. Ma'aikaci zai ce mutum biyu ne, ya tura fayil bincike. A daidaita wannan da rantsuwa a kotu tun kafin a kai takardu taga.

Tun yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023, iyalai da yawa sun bar gida ba ko takarda ɗaya a hannu. Duk wadda ta tsira, a ɗauki hotonta gaba da baya, hatimi ya fito sarai, a tura wa 'yan'uwa biyu a garuruwa daban-daban.