Ranar da Kawu ya miƙo min makullin Fijo

Ni dai tun ina ɗan firamare ba abin da nake so kamar mota, ko warin fetur na shaƙa sai in ji raina ya yi fari. Amma a gidanmu nan unguwar Mabera cikin Sakkwato ba wanda ya taɓa ɗauka ta direba, sunana "mai gudu", kuma gaskiya ni na jawo ma kaina, don akwai shekarar da na ari motar yayana na je na goga ma katangar maƙwabta hanci garin nuna gwaninta gaban abokai. Tun daga ranar Kawu, yayan Innarmu, ko gaisuwata da ƙyar yake amsawa in dai maganar mota ta gifta.

Shi kuwa Kawu ba ƙaramin direba ba ne. Ya fara karen mota a 1972, shekarar da anka sauya hannu Najeriya ta koma tuƙin dama, daga baya ya samu Fijo 504 wagon irin waɗanda ake haɗawa a Kaduna, ya yi ta jigilar fasinja Sakkwato, Jega, Yawuri, Kontagora har ƙasar Yarbawa. Motar tana nan har yau, fenti ya koɗe amma inji kamar agogo, kuma ba mahaluƙin da ke taɓa sitiyarinta sai shi. Ko wanki ya ba ka, yana tsaye a kanka.

To sai ga ƙaddara, ƙarshen sanyin bara ya zame a bakin rijiya ƙafar dama ta karye ƙasan gwiwa. Ni na so a tsaya asibiti, har an yi hoto ma, amma tsoho ya kafe shi Aliero za a kai shi wurin masu ɗori, can anka gyara mishi hannu yana saurayi. Kowa ya san Aliero da abu biyu, albasa da ɗori, kuma gardama da Kawu ɓata yawu ne. Matsalar ita ce ƙafar ba ta lanƙwasuwa, dole sai motar da za a kwantar da kujerar baya a shimfiɗa katifa, watau dai Fijon tashi. Yayana yana Abuja, ɗan Kawu bai iya mota mai giya ba sai otomatik. Anka duba anka duba, saura ni.

Ya daɗe yana juya makullin a hannu kafin ya miƙo. Abin da ya ce kawai, "Kai yaro, ƙashi na a ciki hwa, ba buhun gero ba."

Munka tashi bayan asuba, hazo bai gama washewa ba. Na duba mai, na duba ruwan lagireto, na bubbuga tayoyi da ƙafa kamar yadda na sha ganin yana yi, ina satar kallonshi ko zai ce wani abu, bai ce ba. Fitowa gari lafiya lau, ina ta lallaɓawa tsakanin 'yan kabu-kabu da masu Keke, sai da munka kama hanyar Bodinga titi ya buɗe sannan tsohon halina ya motsa, ƙafa ta fara nauyi a kan totur ba tare da na sani ba. Ai kuwa sai ga rami, na gan shi a makare, taya ta faɗa ji kake gwaram. Kawu ya yi wani nishi da har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Na jira zagi, wallahi da ya zage ni da na fi jin daɗi, amma shiru, sai salati da yake yi ƙasa-ƙasa, ɗanshi da ke riƙe da ƙafar yana harara ta ta madubi.

Daga nan na sauke gudu na koma hamsin, wani wurin arba'in. Kuma a nan ne na gano ashe duk shekarun nan ban san mota ba, taka ta kawai nake yi. In kana tafiya a hankali da mutum mai ciwo a baya, ido ba ya tsayawa a gaban bonet, can nesa kake karantar kwalta, inda ta yi baƙi faci ne, inda ka ga motar gabanka ta ɗan kauce to akwai abu, inda yashi ya hau titi kar ka taka birki da ƙarfi. Ka saki totur tun da wuri, ka dawo giya uku, ka bar injin ya rage maka gudun da kanshi, ka hau tudun nan na bakin ƙauye a karkace taya ɗaya bayan ɗaya. Kuloci kuwa sai ka sake shi kamar kana ajiye jariri mai barci.

Abin mamaki, tsohon nan yana kwance ba ya ganin komai sai rufin mota, amma ya san inda muke. "Mun wuce Sifawa ko?" Na ce e Kawu. Ya ce nan Shehu Usmanu ya zauna kafin ya koma Sakkwato, ka yi mishi addu'a. Can gaba kuma, "Wanga Shagari ne, rage, akwai yara bakin hanya." Garin marigayi Shugaba Shehu Shagari kenan, kuma da gaske sai ga 'yan makaranta suna tsallaka titi da gudu. Da kunne yake tuƙin tare da ni, in na jinkirta sauya giya sai in ji ya yi gyaran murya, tun ina jin haushi har na fara sauyawa kafin ya yi.

Jarabawar gaske wajen Dogon Daji ta same ni. Wata tirela ta maƙale min a baya tana ta danna ham, hanya ba faɗi, gefen kwalta ya zaizaye ya yi gaɓa, in na sauka da gudu ƙafar Kawu ce za ta biya. Ga wasu samari a Golf sunka zo sunka wuce mu duka, ɗaya ya leƙo yana min ihu wai in ba zan iya ba in sauka in tura. Jama'a, ni da ake kira mai gudu! Zuciya ta ce bi su ka nuna musu Fijo ba sa'ar Golf ba ce. Na dai cije, na kunna sigina, na ci gaba da tafiyata har na samu inda gefen ya yi daidai da titi, na sulala a hankali tirela ta wuce, mai ita har da ɗaga min hannu. Bayan kamar minti biyar Kawu ya ce, "Wa ya koya maka hakan?" Na ce ai kai nake gani. Bai amsa ba.

Tambuwal munka tsaya na sayo ruwa da ƙosai, daga nan sai ƙasar Kebbi, wadda sai 1991 anka yanke ta daga Sakkwato, shi ya sa Kawu har yanzu ba ya yarda wai mun bar jiha. Tun kafin ka shiga Aliero warin albasa ke tarbarka, buhuna jibge bakin titi, manyan motoci ana ta lodi zuwa Kudu. Tafiyar da direbobin tasha ke yi cikin ƙasa da awa biyu, mu sai da munka haura uku.

Ɗorin ba zan ba da labarinshi ba, waje na fita don ban iya kallo. Da anka gama anka ce zai kwana biyu a can, sai wani dattijo a zauren ya tambaye shi wa ya kawo shi tun daga Sakkwato da karaya haka. Ina bakin ƙofa ina ji, Kawu ya ce, "Direbana ne, ɗan ƙanwata." Na yi kamar ban ji ba, na tafi ina goge gilashin da ba shi da datti.

Da la'asar na kawo mishi makulli, ya ce mi zan yi da shi da ƙafa guda, kai ta gida, jibi ka dawo ka ɗauke ni, kuma ka duba ruwa a Tambuwal.

Komawar nan ni kaɗai, gilashi a sauke, rana tana bayana, iska mai sanyi-sanyi na shigowa, raƙuma biyu ɗauke da kara suna tafe gefen hanya, injin na wani gurnani mai daɗi a giya huɗu, ba rediyo ba kowa. Bayan Shagari akwai inda titi ya miƙe ba mota ko ɗaya, na ɗan taka ta kai tamanin, sitiyari ko rawa bai yi ba, har na yi dariya ni kaɗai kamar sabon kamu. Sai na ji kamar an yi gyaran murya a baya, na duba madubi, katifa ce kawai. Na dai rage.