Kafin ka sayi allo, fara ƙirga ɗigonsa

Allon nuna hoto na ƙananan na'urori mai ɗigo 320 a kwance da 240 a tsaye ɗan ƙarami ne, ko tafin hannu bai cika ba. Amma ninka lambobin biyu ka gani: ɗigo 76,800 ke nan. Idan kowane ɗigo zai ci bayit 2 wajen ajiye launinsa, kamar yadda ake yi a tsarin RGB565, hoto guda tak yana buƙatar bayit 153,600, wato kilobayit 150. Arduino Uno kuwa, wanda da yawanmu muka buɗe ido da shi, RAM ɗinsa, wato ma'ajiyar da yake riƙe bayanai yayin aiki, gaba ɗaya kilobayit 2 ne. STM32F103C8, wata ƙwaƙwalwar na'ura (microcontroller) ta kamfanin ST, tana da 20. Lissafin nan bai fi na minti ɗaya ba, ƙannena, amma rashin yin sa ya jawo mini asarar watanni lokacin da nake sabon shiga harkar ƙera ƙananan na'urori.

A da, allon da ya burge ni nake fara saye, daga baya in shiga neman ƙwaƙwalwar da za ta tuƙa shi, manhajar zane kuma ta zo ƙarshe. Ashe abubuwan nan uku tare ake zaɓensu, domin kowanne yana ɗaure hannun ɗan'uwansa.

Abu na farko da ya kamata ka tambaya shi ne: allon yana da ma'ajiyar kansa ko ba shi da ita? Ƙananan alluna masu guntun tuƙi ILI9341 ko ST7789 suna riƙe hoton a cikinsu. Ka aika musu ta SPI, hanyar da ke tura bayanai bit ɗaya-ɗaya ta 'yan wayoyi kaɗan, ka juya ka ci gaba da wani aikin, hoton yana nan. Shi ya sa ƙwaƙwalwa mai ƙaramin RAM ke iya aiki da su, tana aika hoton gunduwa-gunduwa. Manyan alluna masu hanyar RGB ba haka suke ba. Ba sa riƙe komai, sai an yi ta sake zuba musu hoton wajen sau 60 a kowace daƙiƙa, ba tsayawa. Na taɓa sayen irin wannan, mai inci 4.3 da ɗigo 480 sau 272, ina ganin girma ne kawai ya bambanta shi da wanda na saba. Da ya iso na ga siririn ɗaurin wayoyi mai ƙafa 40, jikina ya yi sanyi. Hotonsa ɗaya bayit 261,120 ne, kuma dole ƙwaƙwalwar ta kasance tana da sashe na musamman mai tuƙa allo, irin LTDC da ke cikin STM32F429 ko sashen RGB na ESP32-S3, sau da yawa har da ƙarin RAM na waje. Farantin da'irar lantarkin (PCB) da na riga na zana, na biya aka buga, sai da na sake shi daga tushe.

Shi ma SPI yana da iyakarsa, kuma lissafi ne zai nuna maka ita. Hoton nan na bayit 153,600 bit 1,228,800 ne, tunda kowane bayit bit 8 ne. A gudun megahaz 10 za ka iya sabunta allon duka kusan sau 8 a daƙiƙa, a 40 kuma kusan sau 32, muddin ƙwaƙwalwar ba ta tsaya ko'ina ba. Ni kuwa duk lokacin da lamba ɗaya ta canja sai in share allon baki ɗaya in sake zanawa, allon yana ta ƙyafta ido, ina zargin wayoyi. Wayoyin ba su da laifi. Wurin da ya canja kaɗai ake sake zanawa, kuma a bar DMA, sashen da ke kwasar bayanai da kansa, ya yi jigilar bayanan yayin da ƙwaƙwalwar ke shirya gunduwa ta gaba.

Sai batun inda na'urar za ta zauna, wanda kan teburin gwaji ba ya nuna maka. Allon da hasken sa bai wuce nit (ma'aunin ƙarfin haske) 250 zuwa 300 ba yana kyau a ɗaki, amma da ka fita da shi rana sai ya koma madubi. Na waje yana son wajen nit 1,000, kuma fitilar bayansa ce za ta fi komai shan batir. Nau'in allon ma da bambanci: TN yana sauya launi idan ka dube shi daga gefe ko daga ƙasa, IPS ba ya wannan sosai, don haka ka san tsayin da za a kafa na'urar kafin ka zaɓa. OLED yana da baƙi mai kyau, sai dai idan rubutu ɗaya ya daɗe a wuri guda yakan bar tabo. Na sa shi a na'urar da ke nuna kalma guda dare da rana, tabon ya zauna daram. Idan abin da za a nuna ba ya yawan canjawa, allon tawadar lantarki yana riƙe hoto ko an ɗauke wuta, amma sabunta shi kan ɗauki daƙiƙoƙi. Wajen taɓawa ma haka: mai jin dannawa, irin wanda ake haɗawa da guntun XPT2046, yana aiki ko da safar hannu amma sai an saita shi, mai jin yatsa irin na wayar hannu kuma ya fi santsi amma ruwa da safa mai kauri na rikita shi. Wani lokacin ma maɓallai uku da ɗan allo mai ɗigo 128 sau 64, wanda kilobayit 1 ya ishe shi, sun fi duk wannan kwalliyar amfani ga mai riƙe da na'urar.

Kada ka sayi allon da ba shi da takardar bayanan fasaha, komai sauƙin kuɗinsa. Araha ba ta ado. Na sayi wasu haka suka yi aiki lafiya, da na koma wurin mai sayarwar na ƙaro, kamanninsu ɗaya amma abin da ke tuƙa su a ciki daban ne. Launuka suka juye, hoton ya karkace. Tun daga nan nake tambayar lambar abin da ke ciki, da kuma ko za a ci gaba da samun sa bayan shekaru.

A ɓangaren manhaja, babbar wautata ita ce rubuta tawa. Zana layi da da'ira ba wuya, sai na ɗauka sauran ma haka ne. Da aka zo kan maɓallin da ke sauya kama idan an danna, da jerin da ake ja sama da ƙasa, da shafuka masu shiga juna, na gane na bar aikin da aka ba ni ina gina wani daban. Alhali akwai waɗanda suka shekara suna wannan, suka fitar da manhajojin zane shiryayyu. U8g2 ya dace da alluna marasa launi, har yana iya zana hoto shafi-shafi don tsimin RAM. Adafruit GFX da TFT_eSPI sun isa ga zane mai sauƙi. Idan ana son cikakkiyar fuska mai maɓallai da motsi, ni LVGL nake ɗauka. Gábor Kiss-Vámosi, ɗan ƙasar Hungary, shi ya fitar da shi a 2016 da sunan LittlevGL. An rubuta shi da harshen C, lasisinsa MIT ne, mai ba da damar amfani kyauta, ba ya zaɓen kamfanin ƙwaƙwalwa, kuma ma'ajiyar da ta kai kashi ɗaya cikin goma na allon kan wadatar da shi. Ka dai rubuta sigar da ka fara da ita ka tsaya a kanta, domin tsakanin ta 8 da ta 9 da ta fito a 2024 sunayen ayyuka da dama sun canja.

TouchGFX ma yana da kyau ƙwarai, musamman manhajarsa ta tsara shafuka. Kamfanin ST ya sayi masu shi a 2018, kuma kyauta ne amma a kan STM32 kaɗai. Idan gobe ka rasa wannan ƙwaƙwalwar a kasuwa, fuskar da ka gina ba za ta bi ka ba. Qt kuwa a kan na'urori masu Linux ya fi zama, kuma yana da sharuɗɗan lasisin kyauta na LGPL da na kuɗi da ya kamata ka karanta tun kafin ka rubuta layin farko, ba ranar da za ka fara sayarwa ba.

Haruffa da hotuna ma suna cin filash, ma'ajiyar dindindin ta ƙwaƙwalwar, fiye da zato: kowane girman rubutu ajiyarsa daban, kuma haruffan da ke zuwa da manhajar galibi na Turanci ne kawai, masu ƙugiya ko na Larabci sai ka ƙara da kanka. LVGL da TouchGFX duka suna ba ka damar gwada fuskar a kwamfuta kafin ka sayi komai. Gina shafukanka a can, ka lissafa RAM da filash ɗin da za su ci, ka bar sarari don abin da za a ce ka ƙara daga baya, sannan ka yi odar allo guda ɗaya ka kai shi wurin da zai yi aiki ka duba shi da tsakar rana.