Inda aka kwana: zaɓen kyamarar 4x5 don saita fokas a situdiyo

'Yan'uwa masu koyo, wannan makon aiki ya tsaya kan zaɓen kyamara mai fim inci 4x5 don ɗaukar kaya a kan tebur. Wadda ke tafiya kan sandar ƙarfe ɗaya, irin Sinar P, Cambo SC ko Toyo 45G, ita ce ta situdiyo. Mai naɗewa ta masu yawo ce, mu ajiye ta gefe.

Bayanta, wato inda fim ke zama, za ku fara dubawa. Idan kaya na kusa, duk matsawar idon kyamara (lens ɗin da ke gaba) tana canza nisa da girman hoto lokaci guda, sai ka yi ta bin fokas yana guje maka. Gaba ya tsaya cak, a yi saiti da baya. A wurin saye, ku murɗa bayan har hoto ya fito tas, sannan ku ɗaure kuna kallo. In ya goce yayin ɗaurin, ta yi sako-sako, ku bar ta. Nan Sinar P ta yi fice a ganina: haƙoran giyarta na riƙe saiti inda hannu ya tsaya, sai dai nauyinta na son ƙafa uku mai ƙarfi.

Sai tsawo. Ido mai milimita 210 na buƙatar zugazugi (jakar da ke haɗa gaba da baya) da sanda su miƙe milimita 420 kafin kaya ya fito daidai girmansa a fim, kuma a nan haske ya ragu mataki biyu (kowane mataki rabin haske ne), dole a ƙara masa. Ku sa tocila cikin zugazugin a ɗaki mai duhu don ganin ko ya huje; ko kafar allura ce, za ta ɓata fim.

Saiti kuwa a f/5.6 ake yi, wato ido a buɗe sosai, kai cikin baƙin zane, da tabarau mai ninka huɗu a manne da gilashin baya, inda hoto ke fitowa. In tabarau ya zarce haka sosai, tsakin gilashin zai riƙa nuna maka. Don tebur ya fito tun daga gaba har ƙurya, a sunkuyar da ido kaɗan, bisa ƙa'idar Scheimpflug, wadda ke cewa sunkuyar da ido na kwantar da shimfiɗar fokas: saita nesa, sunkuyar don kusa, maimaita. Yawanci 'yan digiri sun isa. Daga nan a tsuke buɗin ido zuwa f/22.

Gwajin da ya rage: a jingina rula a karkace, a saita kan lamba ɗaya, a ɗauka a f/5.6. In wata lambar ce ta fito, gilashin bai zauna inda fim ke zama ba, sau da yawa don wani ya taɓa kwance shi ya mayar a juye.